Rairayi a Goshin Maigida

Maigidana bai taɓa zuwa Makka ba, amma daga Madarounfa har Ɗan Issa babu mai kiransa sai da Alhaji. Tumbinsa ne ya yi masa aikin hajjin. Sa'ad da aka ɗaura mana aure siriri ne kamar karan dawa, yana bin motar wani, yana haye lodin buhuna a guje ba tare da ya yi nishi ba. Da Allah ya buɗa masa ya sayi kamyo nasa na kansa, wato babbar motar kaya, yana ɗaukar wake da gyaɗa ana kaiwa Katsina, sai ya sauka daga kan lodi ya zauna a rumfar tasha. Motar ce ke tafiya, shi kuwa yana zaune. Mai balangu ya san wurin zamansa, mai shayi ya sani, mai fura ta sani. Cikin 'yan shekaru sai da tela ya fara ƙara yadi a kowace Sallah.

A garinmu wannan ba abin damuwa ba ne, abin barka ne. In namiji ya yi jiki, matarsa ake yaba wa. Na sha jin mata a gidan suna suna cewa, "Ke kam kin iya riƙon miji." Ni ma na karɓi yabon hannu biyu, ban mayar wa kowa ba.

Abin ya soma da takalmi. In ya sunkuya zai gyara shi, sai ya ɗago yana haki kamar wanda ya yi tsere. Daga nan ƙafafunsa suka riƙa kumbura da yamma. Sai kuma sujada: yana kai goshi ƙasa numfashi ya tsaya masa a wuya, ya ɗago fuska ta yi duhu, idanu sun firfito. Liman ya ce masa addini sauƙi ne, ya yi salla a zaune. Aka sayo farar kujerar roba, ta zama abokiyar tafiyarsa zuwa masallaci sau biyar a rana.

Bai yi ƙorafi ba, don mutum ne mai son wasa. Amma yana da baƙin tabo a goshi, irin na masu yawan sujada, yana kuma alfahari da shi fiye da kamyonsa. Wata safiya na shigo ɗaki na same shi a gaban madubi yana shafa wurin. Tabon ya kusa ɓacewa.

Bai juyo ba ya ce, "Shekara biyu ke nan goshina bai taɓa ƙasa ba. Haka za ni gamu da Ubangijina, a zamne kamar mai jiran mota?"

Maganar ta soke ni, ta kuma ba ni haushi, domin na daɗe ina cewa a je asibiti yana mai da ni rediyo. Ido wa ka raina? Wanda nake gani kullum. Ran nan dai ban bar shi ya sha ruwa ba sai da muka hau mota muka nufi Maradi.

Likitar zuciyar mace ce, ba ta kai ni shekaru ba, ga ta da fara'a. Ta auna shi, ta kwantar da shi, ta shafa masa wani abu mai sanyi a ƙirji, ta ɗora na'urar da suke kira eko, irin wadda ake duba masu ciki da ita. Na ce masa, "To Alhaji, yau za mu ji ko wata nawa ne." Ya harare ni. Sai ga abu a allo yana motsi, yana buɗewa yana rufewa. Zuciyar mijina ce! Shekara ashirin da wani abu ina zaune da mutum ina neman sanin abin da ke zuciyarsa, sai ga ta an nuna mini a talabijin. Na matso har likita ta ce in ɗan ja baya.

Ta nuna wani farin layi mai kauri a gefen zuciyar. Ta ce, "Alhaji, wanga kitse na. Kowa shina da kaɗan, amfani ma gare shi. Amma naka ya yi yawa. Kuma ba irin kitsen tumbi ba ne da ke zamne can gehe guda. Wanga a bisa naman zuciya yake, manne da shi, babu ko ɗan labule tsakaninsu, jijiya guda ke shayar da su. In ya yi yawa sai shi kumbura, shi dinga zuba ma naman abin da ke ɓata shi. Naman ya yi tauri. Zuciya ta so ta saki jiki ta cika da jini, ta kasa. Shi ya sa in ka duƙa, jini ya taru, ba ta da inda za ta sa shi, sai lumfashi ya ƙwace maka."

Sai maigida ya yi tambayar da har yau nake tsokanarsa da ita. Ya ce, "To lokotoro, a yi mini aiki mana. A buɗe a feɗe kitsen a hidda, ko nawa ne."

Ta yi dariya ta ce ba a feɗe wannan. Ta rubuta magunguna na hawan jini da na rage ruwan jiki, ta ce su za su taimaka, amma babban aikin nasa ne: ya rage maiƙo, da sukari, da gishiri, ya kuma riƙa tafiya da ƙafa kullum, a hankali. Ta ce abin daɗin shi ne, in jiki ya fara sauka, kitsen nan na cikin waɗanda ke saurin raguwa. Ba ta yi alkawarin naman zai koma kamar na saurayi ba, ta ce abin da ya riga ya taurare ba duka ke dawowa ba. Na tambaye ta sujada fa? Ta ce, "Ina sa rai, Hajiya. Amma ba yanzu ba."

Ni "ina sa rai" ɗin nan kawai na ji. Na fito asibitin kamar an yi mini bushara da Aljanna, ina ta tsara miyar kuka ba mai da kifin tafkin garinmu gasasshe. Shi kuwa tun kafin mu bar Maradi ya yanke hukunci. Magani zai sha, amma ramewa, a'a.

Ya ce, "Ke ba ki san tasha ba. Ranar da anka ga riga ta yi mini yawa, za a ce na karye. Wa za shi ba karyayye kaya shi kai mishi Katsina? In ba a ce karaya ba, a ce ciwon da ba a hwaɗi. Kuma ni, da girmana, in dinga yawo a ƙasa kamar wanda mota ta zubar?"

Gaskiya ce ya faɗa, shi ya sa ta fi ba ni haushi. A wurinmu mai hali ba ya tafiya a ƙasa. In an gan shi yana takawa, to akwai magana.

Ana haka Babbar Sallah ta matso, surukata ta zo daga ƙauyensu na wajen Gabi, kamar yadda ta saba kowace shekara. Inna tsohuwa ce busasshiya, mai ƙarfi, har gobe ita ke sussukar geronta. Maigida ɗanta ne na fari, saboda haka ba ta kama sunansa, ba ta kallonsa ido da ido, ba ta taɓa shi. "Wancan" take ce masa. Tun da na shigo gidan ban taɓa ganin hannunta a jikinsa ba. Da ta ga tuwon da na kai masa da miya ba mai, ta tambayi dalili, na yi mata bayani. Sai ta ajiye ludayi.

Ta ce, "Ƙiba ta zama cuta? Mu yunwa munka sani cuta. Shekarar da ruwa ya ƙi, wancan na goye, ina tahiya ina jin ƙasusuwanshi a bayana. Yanzu Allah ya ba shi jiki, ke da wata yarinya mai hwarar riga za ku ƙwace?"

Ba a ja da suruka, kuma na gane cewa tumbin nan ita ma nata ne, shi ne ladan wahalarta. Na shiga madafa na huce haushina a kan turmi.

Raguna biyu muka yanka a shekarar. Ɗaya na maigida ne, turkakke, wanda ya yi wata da watanni ɗaure a bayan ɗaki yana cin dusa da harawa da ƙowar wake, har ya kai in ya kwanta sai an taimaka masa ya tashi. Mutane har zuwa kallonsa suke yi. Ɗayan kuwa na Inna ne, da ta zo da shi a amalanke, ragon daji mai bin garke, dogo, ba kitse ba rama. Kusa da na maigida sai ka ce ɗan rakiya ne.

Bayan an sauko Idi aka yanka, aka feɗe, maza suka tsire ragunan a kan itace suka jera su gefen wuta a ƙofar gida, yadda muke yi, su wuni suna gasuwa sai gobe a raba. Kayan ciki kuwa namu ne mata. Muka baje a tsakar gida, Inna na kan gaba da wuƙarta, tana ware kitse a ƙwarya guda don a narka a yi kakiɗe. Maigida yana zaune kan kujerarsa a inuwa yana jiran hanta.

Inna ta ɗauko zuciyar ragonta, ja jawur, da ɗan farin kitse a samanta kamar hula, ta ajiye a faranti. Sannan ta laluba ta ɗauko ta turkakken. Wallahi da ƙyar ka gane zuciya ce. Ta yage jakar da ke lulluɓe da ita, wannan ta fita salin-alin da kitsenta. Amma a ƙarƙashi akwai wani, fari, mai kauri, ya bi duk kwarin zuciyar ya sauko. Ta sa farce, ya ƙi. Ta sa bakin wuƙa ta ɗaga, sai ya taho da jan nama a jikinsa. Ta sake ta wani gefen, haka. Ta yi tsaki ta ce, "Wanga kitse ba ya hita sai da nama."

Wani daɗi ya taso mini har sai da na miƙe tsaye da hannu duk jini. Na manta da kunya, na manta da komai. Na ce, "Inna, shi ne! Shi ne abin da lokotoro ta nuna muna! Alhaji, taso ka gani, ga aikin da ka ce a yi maka, Inna na yi!"

Ya taso yana haki, ya tsaya a kanmu. Na jera masa zukatan biyu a faranti ɗaya. Ya daɗe yana kallo. Ya dubi bayan ɗaki inda turken ragon yake, da igiyar a yashe, da kaskon dusa. Sannan ya dubi kujerarsa. Daga waje ana jin ƙarar kitse da ke ɗiga a wuta. Gani ya kori ji.

Inna ce ta fara magana, kuma da ni ta yi, don ba ta yi da shi kai tsaye. Ta ce, "Ta wancan haka take?"

Na ce, "Haka anka nuna muna, Inna."

Ta juya zuciyar a hannunta, ta matsa ta da yatsa. Ta ce, "Ashe turke shi anka yi." Ta tura ƙwaryar kitsen gefe, ta ce a kai wa maƙwabta. A shekarar ba a narka kakiɗe a gidanmu ba.

Abinci ya zo da sauƙi, tunda yanzu mu biyu ne a kansa, kuma wanda bai ji tsorona ba yana jin na uwarsa. Tafiyar ce ta gagara. Ya gwada, Allah ya sani. Ya fita da safe zai taka zuwa bakin tafki, kafin ya kai kwanar layinmu masu babur uku sun tsaya. "Alhaji, lahiya? Ina mota? Hau in kai ka." Wani ma har gida ya biyo shi da yamma, ya zauna ya yi ta kewaye-kewaye, wai in akwai abin da ya faru a faɗa masa, 'yan'uwa ne. Maigida ya shigo yana huci ya ce shi da tafiya har abada.

Da tsohuwar zuma ake magani. Inna ta koma ƙauye, bayan kwana kaɗan sai ga amalanke a ƙofar gida da ɗan rago fari mai baƙin kunne, da saƙo: wannan na layyar baɗi ne, ba ta yarda a turke shi ba, ba ta kuma yarda a ba wani kiwo ba. Wanda zai yanka shi ne zai kai shi ciyawa da hannunsa, safe da yamma, don ladan ya cika.

Na yi dariya har na zauna a ƙasa. Wa zai tsayar da babur ya ce wa mai jan rago ya hau? Wa kuma zai ce ya karye, alhali umarnin uwa yake bi? Washegari Alhaji ya fita da igiya a hannu, ragon na gaba yana jansa. Masu babur suka riƙa wucewa suna cewa, "Alhaji, Allah shi karɓa!" A masallaci har misali aka yi da shi a kan biyayya ga iyaye. Da rigarsa ta fara yi masa yawa kuwa, sai aka ce ragon Inna ne ke wahalar da bawan Allah, aka yi ta yi masa dariya, shi ma yana taya su. Babu wanda ya janye kayansa daga kamyonsa.

Da farko iyakarsu bayan gari, ya zauna ya huta, rago ya yi kiwo. Kafin kaka suna kaiwa bakin tafki, inda masunta ke fitowa da kwale-kwale, ya sayo mini kifi ya dawo da shi rataye a ɗayan hannun. Ni kuwa na zama mai gadi. Kullum ina leƙen ƙafafunsa in ga ko kumburin ya sauka, ina kasa kunne in ji numfashinsa in ya shigo zaure. Ranar da na ga ya sunkuya ya kwance igiyar daga ƙafar rago ya ɗago yana ci gaba da magana, guɗa na yi, maƙwabciyata ta leƙo ta katanga tana tambayar wa ya haihu.

Zumuɗina ne ya jawo mana koma baya. Na matsa masa ya gwada sujada tun likita ba ta ce ba. Ya shimfiɗa darduma a ɗaki, ya durƙusa, kafin goshi ya kai sai jiri ya kwashe shi, ya dafe bango yana neman iska. Ya tsorata ƙwarai, ni ma haka. Da muka koma asibiti likita ta yi mana faɗa mu biyu, ta gyara masa magani, ta ce sannu ba ta hana zuwa. Daga ranar bai ƙara yarda a yi maganar ba. Tafiya dai bai fasa ba, don rago ba ya jin uzuri, lokaci na yi zai fara kuka a ƙofar ɗaki.

Ana saura kwanaki Sallah ta zagayo muka koma Maradi. Likita ta ɗora na'urarta, ta daɗe tana dubawa, ta juyo da allon wajena don ta san halina. Farin layin ya sirance, ko ni na gani. Ta ce zuciyar ta fi sakin jiki, ko da yake magani ba ranar bari, tafiya ma haka. Sannan ta ce, "Alhaji, in ka ji ƙarhi, gwada. A hankali. In ka ji wani abu, ka koma kujera, ba abin kunya ba ne."

Muka dawo gida. Sai ya ci gaba da ɗaukar kujerarsa zuwa masallaci. Na ciji harshena, na riƙe bakina, abin da ban saba ba.

Ranar Idi ya sa sabuwar shadda wadda tela ya rage wa yadi, ya ɗauki kujerar ya saƙala a hannu ya fita. Ni da Inna muka zauna a tsakar gida muna wasa wuƙaƙe. Na zuba ruwa a tukunyar da babu komai, na zubar, na sake zubawa. Inna ta ce in zauna ina sa ta jiri, amma na lura ita ma wuƙa ɗaya take ta wasawa tun ɗazu. Ragon yana ɗaure a gindin itacen bedi, ya girma ya yi kyau, yana ta kallon ƙofa don an wuce lokacin fitarsu.

Muka ji hayaniyar masu dawowa, sannan muka ji sallamarsa. Abin da na fara dubawa hannunsa ne. Babu kujera. Na ɗaga ido. Filin Idinmu rairayi ne, kuma ga shi nan a goshinsa, fari, ya manne da gumi, har da ɗan kaɗan a kan hancinsa.

Na miƙe tsaye. Ya ce, yana dariya idanunsa na ruwa, "Wani tsoho na ba kujerar, ya hi ni bukata." Ya ɗaga hannun riga zai share fuska.

Inna ta ce, "Bari."

Ta miƙe, ta ajiye wuƙar, ta tako har gabansa. Tsohuwar da ban taɓa ganin ta dube shi ido da ido ba ta ɗaga hannu, shi kuma ya sunkuyo mata, ya sunkuyo sosai, numfashinsa lafiya lau. Ta ɗora tafinta a goshinsa, a kan rairayin, ta bar shi a nan. Sannan ta kira shi da sunansa.